Hoton da Aka Ce Ya Lalace

Hotunan Baba goma sha biyu ne kacal a duniya. Da hannuna na ƙirga su a shekarar 2011, wata biyu bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ranar da Inna ta miƙo mini wata tsohuwar ambulan ta ce, "Ungo, kai ne mai adana takardu." Huɗu fasfo ne, na katin aiki da na fansho. Bakwai na tsayuwa ne: Baba a tsakiya, mu a gefe da gefe, kowa ya miƙe ƙyam kamar an dasa shi, hannu a manne da jiki, baki a tsuke. Na baza su a gabana ina ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ina neman mahaifina, ban gan shi ba. Mutumin da ke cikin hotunan nan fuskarsa a murtuke take, kai ka ce bai taɓa sanin wani abu wai shi wasa ba. Baban da ya haife ni kuwa, in dariya ta ci ƙarfinsa sai ya dafa bango, hawaye na bin kumatunsa, yana cewa, "Ku bar ni haka, za ku kashe ni."

Na goma sha biyun shi ne wanda aka ce ya lalace. Ƙanwata ce ta ɗauka a 1997 da kyamarar aro. Ni ta nufa, ina riƙe da sabon keke, sai hannunta ya goce, ta yanke mini rabin fuska, kusurwar tsakar gida ta shigo. A kusurwar nan Baba ne a tsugune, ya matse wani ɗan akuya tsakanin gwiwoyinsa yana cire masa ƙaya a ƙafa. Hularsa ta zame baya. Ya ɗan fito da tsinin harshensa tsakanin haƙora, yadda yake yi duk sa'ad da aiki ya ɗauke masa hankali. Babban yatsan ƙafarsa na danne da igiya. Daga can gefe hancin uwar akuyar ya leƙo, ta zo ganin abin da ake yi wa ɗanta. Hoton dishi-dishi ne, har mai wankin hoto ya so ya tsallake shi, ya ce ɓata takarda ne. Ƙanwata ce ta nace.

Ina ganinsa na ji muryar Baba a kunnena, yadda yake rarrashin dabba kamar mutum: "Yi haƙuri, saura ƙiris." Kukan da ban yi ba ranar da ya rasu, a kan takardar nan na yi shi.

Ban ga laifin Baba ba, ban kuma ga laifin masu hoton ba. A zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, wani ma 24, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Mai harsashi 36 ba ya harbin iska. Dole a ce muku ku tsaya, ku matso, kar ku motsa, ku dubi nan. Abin ma tun farkon sana'ar ya samo asali. Daga baya na ci karo da wani hoto da Louis Daguerre, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka a birnin Paris wajen 1838, hoton wani babban titi daga tagar bene. Titi ne na jama'a da kekunan doki, amma a hoton wayam yake kamar an share shi. Dalili kuwa, sai da idon kyamarar ya yi mintoci a buɗe kafin haske ya zauna a kan farantin ƙarfen da hoto ke fita a kansa a zamanin, duk abin da ke motsi ya shafe. Wanda ya tsira shi ne wani mutum da ya tsaya a bakin hanya, ƙafa ɗaya a ɗage, ana goge masa takalmi. Na daɗe ina kallon hoton nan. Masu tafiya da masu sauri da masu aiki duk sun ɓace, mai tsayuwa aka riƙe. Haka aka yi wa Baba. Mutum ne da bai iya zama ba, kullum hannunsa na kan wani abu, ga shi hotuna goma sha ɗaya sun ajiye mana shi a sandare.

Na yi wa kaina alkawari ba za a yi wa Inna haka ba.

Ni malamin lissafi ne. Ban taɓa shiga ajin koyon hoto ba, ban taɓa karɓar kuɗin kowa a kan hoto ba, kuma har yau ba na amsa sunan mai hoto. A 2013 Yayana ya bar mini wata 'yar ƙaramar kyamara mai memori da ya daina amfani da ita, irin wadda ke shiga aljihu. Da ita na fara, kuma na sha wuya. Da zarar na ɗaga ta, abin da na gani ya tashi. Maiɗakina tana dariya da ƙanwarta, ina ɗaga hannu sai su yi tsit, kowa na gyara zama. Yara su rugo su jeru, su ɗaga yatsu biyu. Inna kuwa cewa take, "Tsaya tukuna in gyara ɗankwalina." Kafin a gyara ɗankwali, matar da na so in ɗauka ta tafi, an bar mini wata baƙuwa mai kallon kyamara. Wata shida ina wannan fama, hotunan da nake tarawa ba su da maraba da na cikin ambulan.

Kyanwa ce ta cece ni. Wata 'yar toka-toka mai fararen ƙafafu, kunnenta ɗaya a tsage, da ta shigo gidanmu da kanta ta ƙi fita. Ita ba ta san kyamara ba, ba ta da ɗankwalin gyarawa, ba ta kuma jiran kowa. Na ce bari in koya a kanta.

Abin da ta fara koya mini shi ne kyamarata na da nawa. Tsakanin danna maɓalli da ɗaukar hoto akwai wani ɗan jinkiri, domin sai ta nemo abin da za ta daidaita ganinta a kai, ta auna haske, sannan ta ƙifta. Jinkirin bai kai daƙiƙa ba, amma ya ishi kyanwa ta bar wurin. Makonnin farko wutsiya na riƙa samu, wani lokaci ma bango kawai. Sai na gano in ka danna maɓallin rabi ka riƙe, kyamara na gama shirinta ta tsaya jiranka, in lokaci ya yi ka ƙarasa dannawa, nan take ta ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar nakan riga abin da nake jira zuwa wurin.

Abu na biyu ya shiga fagena, domin lissafi ne tsantsa. A bayan gilashin kyamara akwai wani ƙyaure da ke buɗewa ya rufe, tsawon buɗewarsa shi ne tsawon lokacin da hoto ya haɗiye. Ga mutumin da ke zaune, kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ya isa. Yaro mai gudu na bukatar wajen ɗaya cikin 500. Tsuntsu a sama, ɗaya cikin 1000 ko fiye. Amma komai da kuɗinsa: in ƙyaure ya yi saurin rufewa, hasken da ya shiga kaɗan ne, shi ya sa abin da ke fita tangaran a tsakar gida da hantsi yake zama hazo-hazo a ɗaki da dare. Na kai wannan aji. Shekara da shekaru yara na ce mini ɗaya cikin 500 ya fi ɗaya cikin 60 girma, tunda 500 ta fi 60. Na kawo musu hotuna biyu na ɗan akuya yana tsalle. A ɗaya ya zama kamar hayaƙi, a ɗaya kuma yana rataye a iska, ƙafafu huɗu a naɗe, har ƙurar da ya tayar ana ƙirga ƙwayoyinta. Na tambaye su a wanne ƙyaure ya fi daɗewa a buɗe. Ranar ba wanda ya faɗi.

Na ba su labarin Eadweard Muybridge ma, wanda a 1878 a Kalifoniya ta Amurka ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa don a raba gardama: shin doki mai sukuwa na ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa lokaci guda? Hotunan suka nuna yana ɗaukewa, amma ba kamar yadda masu zane suka saba zanawa ba, ƙafafu a miƙe gaba da baya. Lokacin da suke tattare a ƙarƙashin cikinsa ne yake barin ƙasa. 'Yan Adam sun yi dubban shekaru suna hawan doki, suna kallonsa kullum, ba su taɓa ganin wannan ba. Abin da ya kama ni ke nan a sha'anin hoto: abin na gabanka, idonka na kansa, amma ya fi ka sauri.

Filasha kuwa kyanwar ce ta raba ni da ita. Na haska ta sau ɗaya da dare, idanunta suka fito kamar fitilu biyu, saboda a can bayan idonta akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, wanda ke taimaka mata gani cikin duhu. Namu idon ja yake fitowa, don hasken na dawowa ne daga jijiyoyin jini na cikin ido. Ba munin hoton ne ya dame ni ba. Yadda ta zabura ta shige ƙarƙashin gado, ta yi kwana biyu ba ta kusantata, shi ya dame ni. Na kashe filasha, ban sake kunna ta ba. Na koma neman hasken taga, da na bakin ƙofa, da na safiya kafin rana ta yi tsaye, da na la'asar sakaliya lokacin da inuwa ke tsawo, gashin dabba na ɗaukar wani zobe na zinariya.

Sai kuma tsuguno. Hoton dabba daga tsaye hoton bayanta ne kawai. Sai ka durƙusa, wani lokaci ka kwanta rubda ciki, idonka ya yi daidai da nata, sannan za ta zama wata aba mai fuska da tunani. Baba ma a tsugune yake a hoton nan nasa.

Amma babban abin da dabbobi suka koya mini ba na kyamara ba ne. Ashe babu abin da ke faruwa kwatsam, komai na aiko da sallama. Kafin kyanwa ta daka tsalle takan kwantar da ƙirji, ta kaɗa ƙugu hagu da dama, baƙin idonta ya buɗe. Kafin tattabara ta tashi takan ɗan dusa ƙasa. Kaza in tana tafiya, kanta na tsayawa cak a wuri ɗaya jikinta ya iso shi, sannan ta wurga shi gaba, don haka akwai ɗan lokacin da idonta ke tsaye, a nan ake dannawa. Jaki kunnensa ke fara magana. Wanda ya san waɗannan ba ya bukatar saurin hannu.

Hoton farko da na san na samu, wata yamma ce da hadari ya haɗo. Akwai kaza mai 'yan tsaki bakwai a gidan. Na lura duk sa'ad da iska ta taso takan yi wani kuka gajere, ta buɗe fikafikai, su rugo. Na tsuguna a bakin ƙofa, na danna rabi a kan wurin da ta saba fakewa, na jira. Ɗigon farko ya faɗi. Ta yi kukan, shida suka shige. Na bakwai ya makara, ya zo ya tarar babu wuri, ya zagaya ta baya, ya cusa kai, sai ga shi ya ɓullo ta saman fiffiken, kansa kaɗai a waje kamar mai leƙen taga, ɗigon ruwa ɗaya a kan bakinsa. Na ƙarasa dannawa. Hannuna na rawa lokacin da na duba. Na kai wa Inna, ta karɓa ta nisanta shi da fuskarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ka ga wannan na bakwan? Kai ne. Kullum sai an rufe ƙofa kake zuwa."

Da na dawo kan mutane sai na tarar su ma suna aiko da sallama. Dariya ba a baki take farawa ba, a gefen ido take farawa, wani kuma kafaɗarsa ke fara rawa. Yaro kafin ya yi kuka leɓensa na ƙasa ke turowa. Mai ba da labari na ɗaga hannu dab da zai faɗi inda daɗin yake. Maganin gyaran ɗankwali kuma ashe gundura ce. Na riƙa yawo da kyamara a wuya safe da yamma, ina ɗagawa ba tare da na danna ba, har kowa ya gaji da ni. Bayan wasu makonni ta zama kamar agogon hannuna, ba mai dubanta.

Wata safiya Inna na zaune kusa da taga za ta zura zare a allura. Ta lashi bakin zaren, ta murza shi, ta miƙa hannayenta nesa, ta kanne ido ɗaya, gira a ɗage. Sau uku tana kuskurewa. Jikarta 'yar shekara huɗu ta jingina da gwiwarta, ita ma ta kanne ido ɗaya, baki a buɗe, kamar da nata ƙarfin zaren zai shiga. Kyanwar na ƙasa tana bin jelar zaren da ido. Na ɗauka a karo na huɗu, daidai lokacin da zaren ya ɓulla. Inna ta ji ƙarar ta ɗago.

"Au, ɗauka ka yi? Haka, ba shiri?"

"Haka nake sonki, Inna."

"To kar ka nuna wa kowa, ka ga idona kamar na mai ciwo."

Da yamma ita da kanta ta ce in nuna wa Gwaggo.

Na karanta cewa Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya yi suna a irin wannan hoto, a 1932 ya leƙa ta ratar wani shinge a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris, ya ɗauki wani mutum yana tsallake kududdufi, diddigensa saura ƙiris ya taɓa ruwa, inuwarsa na jiransa a ƙasa. Mutane na cewa sa'a ce. Ni da na tsuguna a bakin ƙofa ina jiran ɗan tsako, na san sa'ar ba ta samun wanda bai je ya tsaya ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana shirya irin wannan hoto, a ce wa mutum, "Yi kamar kana dariya, kalli gefe kamar ba ka san ana ɗauka ba." Gara mini tsayuwar Baba ta ƙyam. Ita ko ba komai ba ta yi ƙarya ba. Haka nan wayoyin yanzu da ke zubo hoto ashirin in ka danne maɓalli, ina amfani da su, suna taimako a kan tsuntsu da yara, amma na sha duba ashirin ɗin in tarar wanda nake so ya faɗa a tsakanin biyu, don hankalina na kan yatsa, ba ya kan fuskar.

Yanzu sai abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wanda na fi so mai sha'awar hoto ya ji.

A 2016 akwai wani dattijo mai gadi a ƙofar wani gini da nake wucewa kullum in zan tafi makaranta. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata safiya, gari bai gama wayewa ba, na tarar barci ya sace shi a kan bencinsa. Kansa na jingine da bango, hula ta rufe masa gira ɗaya, wata 'yar kyanwa baƙa ta naɗe a kan ƙirjinsa, tafin hannunsa a kanta ya kusa rufe ta duka. Hasken farko na safiya ya zo ta gefe ya kwanta a kan farin gemunsa. Na tsuguna na ɗauka, na wuce ban tashe shi ba. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, kafinsa ko bayansa. Daren nan na ɗora shi a Facebook. Jama'a suka yi ta yabo, suka yi ta turawa. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ƙofar ginin ta fito sarai a bayansa.

Bayan kwana huɗu na tarar da wani saurayi yana jirana a bakin makaranta. Ya gaishe ni da ladabi.

"Malam, kai ne ka ɗauki hoton mai gadi?"

Na ce ni ne.

"Mahaifina ne. An dakatar da shi daga aiki. Shekara tara yana gadin wurin nan, ko tsinke ba a taɓa ɗauka ba. Ranar da ka gan shi, wuni biyu ya yi a tsaye yana jinyar ƙanwata, dare kuma ya zo aiki." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, da Babanka ne, za ka saka?"

Ƙafafuna suka yi sanyi. Saboda Baba na ɗauki kyamara, don kar a ajiye mutum a kamannin da ba nasa ba, ga shi na ɗauki mahaifin wani na miƙa wa duniya shi a matsayin mai barci a bakin aiki. Ni na ga tausayi da kyanwa da haske. Masu ginin sun ga mai gadi ido a rufe. Kuma hoton bai yi wa kowa ƙarya ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

A gabansa na sauke hoton, na goge shi daga memori. Da na koma gida na goge na kwamfuta, na bi duk wanda na san ya tura na roƙe shi ya cire. Sau uku muna zuwa wurin masu ginin ni da saurayin, ina ba da haƙuri, ina bayani. Bayan mako uku suka mayar da shi. Sannan na je na durƙusa a gaban bencin nan.

"Baba, na zo neman gafara. Na cuce ka."

Ya daɗe yana dubana. "Tashi, ɗana, na yafe. Amma da ka tashe ni, ai da na gyara hula." Can kuma ya sassauta murya ya ce, "Ita kyanwar, ta fito da kyau?"

Tun daga lokacin na kafa wa kaina doka. In na ɗauki wanda ban sani ba, sai na je na gaishe shi na nuna masa. In ya ce a'a, a gabansa nake gogewa, komai kyan hoton. Izinin ɗauka daban, izinin nuna wa jama'a daban, kowanne sai na nema. Ɗan wani ba na ɗauka sai da sanin iyayensa. Mai barci, mai kuka, wanda ya faɗi, wanda ke cikin halin da ba zai so a gan shi ba, ina gani in sauke hannu. Na yi asarar hotuna masu yawa ta wannan hanya, wasu har yau ina ganinsu in na rufe ido. Abin mamaki, yawancin mutane in ka nuna musu murna suke yi. Wani mai jaki da na ɗauka yana raɗa wa jakinsa magana a kunne, sai da ya kira abokansa uku su zo su gani.

Dattijon da kansa ya ce in riƙa zuwa. Na yi safiyoyi da dama a gefen bencinsa muna hira har ya manta da abin da ke wuyana. Na same shi yana yi wa kyanwar faɗa da yatsa, ita kuma ta ɗaga ƙafa za ta mari yatsan. Na same shi tana kan kafaɗarsa yana buɗe ƙofa. Guda uku na wanke na kai masa, ya sa su a aljihun gaba.

Wankewar nan ta zame mini dole tun 2018, lokacin da memorina ya mutu da hotunan kusan shekara uku waɗanda ban kwafe ko'ina ba. Abin da ke kan takarda ne kawai ya tsira. Na kuma tuna da Vivian Maier, mai rainon yara a birnin Chicago, wadda ta ɗauki hotunan mutanen titi fiye da 100,000 ta tara a akwatuna, kusan ba wanda ya gani sai da aka yi gwanjon kayanta a 2007, ta rasu a 2009. Ana yabon aikinta, ni ma ina yabo, amma mutanen da ke ciki nake tunani, da 'ya'yansu, waɗanda wataƙila suna da ambulan irin tamu. Yanzu kowane ƙarshen wata nakan zaɓi goma in wanke, in rubuta rana a baya, in kai wa masu su. Na Inna sun cika albam biyu. A cikinsu tana dariya, tana faɗa, tana gyangyaɗi da carbi a hannu, wannan na ƙarshen sai da ta yarda na bar shi.

A 2021 saurayin nan ya sake zuwa bakin makaranta, ya zama magidanci. Tun daga nesa na gane abin da ya kawo shi. Na yi masa ta'aziyya, muka zauna a inuwa. Ya ce hotuna ukun na nan, a aljihun rigar mahaifinsa suka same su, gefensu duk ya cinye. Ya yi ta murza hannu, sannan ya ce, "Malam, wancan fa? Na barcin. Na san a gabana ka goge. Na ce ko Allah ya sa akwai saura a wani wuri."

Na kwana biyu ina bincike, na tambayi duk wanda na tuna. Babu. Da ya dawo na gaya masa gaskiya, ya gyaɗa kai. Sai na ce in yana so zan faɗa masa abin da ke ciki, don ban manta ko ɗigo ba. Ya ce yana so. Na faɗa masa yadda hular ta rufe gira ɗaya, yadda haske ya kwanta a gemu, yadda bakin ya ɗan buɗe, yadda takalmi ɗaya ya zame daga ƙafa, yadda tafin hannun ya kusa rufe kyanwar duka, kunnuwanta kaɗai suka leƙo tsakanin yatsu.

"Wane hannun?" ya tambaya.

"Na hagu."

Ya ɗaga nasa hannun na hagu ya ɗora a ƙirjinsa, ya ɗan lanƙwasa yatsun.

"Haka?"

Na ce haka.

"Haka yake riƙe mu muna yara," in ji shi. Bai sauke hannun ba har aka kaɗa ƙararrawar shiga aji.